Baba da Hitar Garejina

Da sanyi ya kama a Bronx, na sayi ƙaramar hita mai shan dizal don garejin da nake sayar da tsofaffin motoci. Sai wani dattijo ɗan garinmu, wanda ɗakinsa ba ɗumi, ya mai da gefenta wurin wuninsa. Yana tari, masu saye suna ja da baya.

A wurinmu ba a korar dattijo. Don haka da na ji sallamarsa sai in kashe hitar, in miƙa masa kujera.

"Ɗana, yau ma ta lalace?"

"Sai haƙuri, Baba. Zauna mana."

Nakan zauna da shi ina sanye da rigunan sanyi biyu, ina tambayar lafiyar iyali, yatsunsa suna karkarwa. A haka har ya daina zuwa da kansa.