Yadda Manong Tiburcio Ya Hau da Sabuwar Mota da Baya

Yanzu kowa a ƙauyenmu Balintugan cewa yake yi tun farko yana bayan yayana Tiburcio. Ƙarya ce tsagwaronta. Ina wurin aka yi taron, kuma na san waɗanda suka sunkuyar da kai.

Shekara talatin da huɗu Manong Tiburcio, wato Yaya Tiburcio a harshenmu, yana kai kabejin ƙauyenmu kasuwar La Trinidad. Da wankin mota ya fara a tashar Baguio, ya koyi kanikanci a gindin manyan motoci, har ya haɗa jifni tasa, wato jif mai dogon baya, da hannunsa. Injin dizal ɗinta ma daga wata motar gawayi da ta mutu ya ciro shi. Ba shi da yawan magana, amma in aka taɓo zancen mota, sai kofinka ya huce bai kai aya ba. Ra'ayinsa ɗaya ne: motar dutse daga baya take turi. “Ku dubi ɓauna in tana hawan tudu,” in ji shi, “da wace ƙafa take dannawa?”

Bana ƙungiyar manomanmu ta sayo sabuwar motar kaya fara sol, mai jan kanta da tayoyin gaba. Wilfredo, ɗan ƙanwar shugabanmu Lakay Ambrosio, shi ya zaɓo ta, don ya yi shekara takwas yana tuƙi a Manila, inda tudun da ya fi tsayi shi ne kan gada. A taron ƙungiyar ya miƙe ya ce a sallami yayana, shi kuma a ba shi hanyar kai kayan.

“Manong, ka huta haka nan,” ya ce yana murmushi. “Wannan akwalar taka ba ta da sanyaya ciki, hayaƙinta kuma har sauro ya ƙaura daga ƙauye.”

Aka yi dariya. Har da mutanen da yayana ya kai matansu asibiti kan naƙuda! Na miƙe zan wanke Wilfredo tas, Manong ya ja mini hannu. “Zauna, Sinang.” Sannan ya juya ga shugaba. “Lakay, a loda mana kaya daidai ranar Talata. Wanda ya fara kaiwa kwalta, hanyar tasa ce.”

Daga ƙauyenmu zuwa kwalta akwai hawa guda mai lanƙwasa uku, kuma kwana biyu ana sheƙa ruwa. Da safiyar Talata aka loda kabeji kwando arba'in arba'in. Wilfredo ya fara tashi, har da kiɗa. Lanƙwasa ta farko lafiya. A ta biyu nauyin kayan ya zauna a baya, gaban motar ya yi sakayau, tayoyin suka kama juyawa a banza suna feshin jar laka. Ya ƙara taka totur, motar ta ƙara zamewa gefen kwazazzabo.

Yayana ya taho a giya ɗaya, injin na gurnani, bai ko yi sauri ba. Kaya ya danne tayoyin baya, suka kama ƙasa kamar an kafe su. Ya raɓa ta gefen dutse ya wuce, ya kai kwalta, ya kashe mota, ya sa dutse a taya. Ni kuwa ina tsaye a lanƙwasa ina ihu har muryata ta dishe.

Da ni ce, da na bar Wilfredo a nan ya kwana biyu. Amma kabejin cikin motar na mutane ne, har da nawa kwando shida, kuma kabeji ba ya jiran kowa. Manong ya gangaro da ƙafa, ya leƙa ta tagar Wilfredo, ya kira shi Ading, wato ƙane.

“Ading, sauko. Ƙanena ne kai, ba zan bar ka ka faɗa rami ba.”

“Manong, tura ta za mu yi?”

“Wa zai tura maka? Mu tsofaffi ne, an ce mu huta.”

Ya shiga, ya fara kashe kiɗan. Ya sulalo da motar a hankali zuwa filin da ke ƙasan lanƙwasa, ya juya ta, hancinta na kallon ƙauye. Sai ya sa ribas, ya leƙo da kansa waje. Da gaban ya koma ƙasa, nauyi ya dawo kan tayoyin da ke ja, motar ta kama hawa da baya tiryan-tiryan har kwalta. Mata suka riƙe ciki don dariya. Wata tsohuwa ta ce, “Oh, ashe ma ba ta san inda gabanta yake ba!”

Lakay Ambrosio ya iso yana haki, ya cire hula. A gaban kowa ya ce hanyar ta Tiburcio ce har ranar da ya ce ya gaji da kansa. Sabuwar motar kuma aka ce ta tsaya kan kwalta tana karɓar kayan da aka hauro da su.

Na ce wa yayana ya kamata ya sa Wilfredo ya ba shi haƙuri a bainar jama'a. Ya goge hannu da tsumma ya ce, “Sinang, hau mu tafi, 'yan sarin Manila ƙarfe goma suke tashi.” Na hau gaba. Wilfredo ya biyo mu a baya har kasuwa, bai ko gwada wuce mu ba.