Ranar da Anti Goge Ta Rasa Abin Gogewa

Rumfar facina tana kallon shagonta, kwata ɗaya ce tsakaninmu, don haka abin da zan faɗa muku ba ji na yi ba, gani na yi. Shagon ɗaki ɗaya ne: kwamfuta, injin fotokwafi mai nishi kamar tsohon da ya hau bene, bencin mutum huɗu, sai fankar da wuyanta ya ƙage tana hura wa bango iska. Shekara goma sha ɗaya ke nan tana buga wa mutane takardar neman aiki a nan. Mu 'yan layi muka sa mata Anti Goge, don maganar da ta fi fita daga bakinta ke nan, goge wannan.

Ita ba ta buga abin da ba ta gani ba. In ka rubuto cewa ka iya kwamfuta, sai ta miƙe ta ba ka kujerarta, ta ce bismillah, buga sunanka. Na ga ƙato mai gemu yana neman harafin farko na sunansa da yatsa ɗaya har gumi ya jiƙa masa wuya. In ka ce kai direba ne, sai ta leƙo ta ƙwala mini kira in ba ka jak da sufana ka cire taya a gabanta. Masu jin haushi sukan tafi shagon ƙasan layi, inda takarda ɗaya ce ake canja mata suna. An ce akwai ranar da mutum uku suka je wuri ɗaya neman aiki, aka tarar duk rana ɗaya aka haife su, kuma duk suna son karatu da tafiye-tafiye. Nata kuwa takardar gajera ce, amma ba a taɓa tsayar da mai ita ya rasa amsa ba. Takan ce wa yara aiki ba a roƙonsa, nuna wa mutum ake yi cewa ciwon kansa kai ne maganinsa.

Mijinta shi muke kira Bakomai. Ka taka shi, ba komai. Ka yabe shi, ba komai. Shekara goma sha bakwai ya yi a kamfanin robobi, har ranar da aka rage ma'aikata sunansa ya fito a jikin allo. Wata biyu yana fitowa da safe da rigarsa a goge, ya zauna a bencina yana taya ni riƙe tiyo. Bayansa kuma ya fara ciwo, in zai miƙe sai ya dafa gwiwa.

Sai ga sanarwa daga wani kamfanin kwalabe: suna neman mai kula da layin injuna mutum ɗaya, da masu lodi goma, za a rufe karɓar takarda ranar Alhamis. Bakomai ya ce shi lodi zai nema, na injuna ai na masu satifiket ne. Kowa a layin ya san in bayan nan ya shiga ƙarƙashin kwali, shekara ɗaya ba zai yi ba sai dai a kawo shi a kwance.

Ran Litinin ya shiga shagon ta wajen teburinta kamar mai gida. Ta nuna masa benci da biro, ta ce a gida ne yake maigida, nan kwastoma ne, ya bi layi. Na leƙa na ce Anti, ashe yau za a yi wa wanzami jarfa. Ta ce in koma in ji da tayoyina. Da layi ya zo kansa ya miƙa mata 'yar takarda, layi ɗaya tak a jiki: lebura, shekara goma sha bakwai. Ta juya ta, ta sake juyawa. Tun da nake, ranar na fara ganin bironta ya tsaya a sama ba abin da zai soke.

Ta tambaye shi me yake yi in ya shiga da safe, ya ce aiki. Wane aiki? Duk wanda ya taso. In inji ya tsaya fa? Ya ce ba komai, akan tayar da shi. Wa ke tayarwa? Ya ɗaga kafaɗa. Awa guda tana tatsa, ko ɗigo.

Ran Talata na buɗe rumfa na ga kwaɗo a ƙofar shagonta. Matar da ko zazzaɓi ba ya sa ta rufe! Ashe ta ɗauki littafi ta tafi ƙofar tsohon kamfaninsa, ta zauna wajen mai abinci, duk wanda ya fito hutun rana ta tare shi. Tambaya biyu ta riƙa yi: in inji ya tsaya wa kuke kira, kuma wa ya koya maka aiki? Ta dawo la'asar da ƙafa duk ƙura da shafi shida cike. Ashe injiniyan wurin ma in abu ya gagare shi Bakomai yake aikawa a kira. Ashe wanda yake shugabancin layin yanzu, Bakomai ne ya nuna masa inda ake danna maɓallin kashewa. Shekara goma sha bakwai suna kwana ɗaki ɗaya, ko sau ɗaya bai faɗa mata ba.

Ran Laraba ta buga masa takardar neman kula da layin injuna, ta miƙa masa. Ya karanta a tsaye, kunnuwansa suna zafi, ya ajiye a kan tebur.

“Uwar yara, wannan ai cika baki ne. Goge.”

Ni da mai wankin layinmu da muke leƙe ta ƙofa muka kalli juna, don ba mu taɓa jin an faɗa mata kalmarta ba.

“Nuna mini layi ɗaya da yake ƙarya,” in ji ta, “in goge takardar duka, in buga maka lodinka.”

Ya bi da yatsa. Wannan an yi, amma ai ba shi kaɗai ba ne. Wannan ma an yi, amma ai ba wani abu ba ne. Ta ce ita ba ta tambaye shi ko wani abu ba ne, an yi ko ba a yi ba? Can ƙasa ya tsaya, fuskarsa ta washe kamar wanda ya tsinci makami. Ta rubuta ya koya wa mutum talatin aiki. Ya ce ba su kai ba. Ya shiga lissafo su da sunayensu, tana rubutawa, suka tsaya a ashirin da shida. Ta goge talatin ba musu, ta kuma buga sunayen duka a shafi na biyu, da lambar wayar waɗanda ta samu. Nan ya gane da bakinsa ya ƙara wa takardar nauyi.

Shawara ɗaya ta ba shi ranar da aka kira shi intabiyu: abin da aka tambaye ka faɗi yadda ya faru, kuma in bakinka ya ɗauko “ba komai”, haɗiye shi da miyau.

Daga baya muka ji yadda aka yi. Manajan ya fara neman satifiket, Bakomai ya ce babu. Mutumin ya kusa ture takardar, sai idonsa ya faɗa kan shafi na biyu. Ya zaɓi suna ɗaya a tsakiya ya kira, ya buɗe muryar wayar kowa na ji. Wanda ya ɗauka ya ce in Baba ne a gabansu, haka yaran suke kiransa, su rufe ƙofa kada ya fita. Ya kira na biyu, sai waya ta yi ƙara a bayan tagar ofis ɗin, ashe yaron a kamfanin kwalaben yake aiki yanzu.

Mu dai ba mu san wannan ba lokacin da ya dawo. Ya zo ya zauna a bencinta, ya cire takalmi yana murza ƙafa. Ta daure, ta gama wa wata yarinya fotokwafi, sannan ta tambaye shi yaya aka yi.

“Ba komai,” in ji shi.

Wallahi na ga hannunta ya nufi abin huda takarda, na fara shirin rabon faɗa. Sai ya sa hannu a aljihu ya zaro katin shaida mai igiya shuɗiya, ya ajiye mata a kan kwamfuta. Gwajin wata uku suka ba shi a kan layin injuna. Ta ɗauka ta karanta har sau biyu, ta ce sun rubuta sunansa ba daidai ba, gobe ya mayar su gyara. Daga nan ta juya wajen fankar nan ta daɗe tana gyara mata wuya, fankar da shekara biyar ba wanda ya taɓa ta.

Wata ukun sun wuce tuni, yana nan a kan layinsa, bayansa kuma bai ɗauki kwali ko ɗaya ba. Yanzu duk yaron da ke ƙarƙashinsa in ya so ƙarin girma, nan yake turo shi. Ina ganinsu a bencin, suna zufa, tana tambayarsu in inji ya tsaya wa ake kira.