Na Yaye Wa Kakata Rufin Ɗaki Ana Gab Da Damina

Lokacin ban daɗe da barin lise ba, wato makarantar sakandare, ina aiki a wani shagon sayar da waya nan Agadas, kuma kowa ya san ni da baki da rashin haƙuri. Muna zaune ni da kakata a gidanmu na gado cikin tsohon gari, ginin ƙasa mai rufin azara. Kunyarsa nake ji, ko ƙawayena ba na yarda su wuce zaure. Da yayana mai aiki a mahaƙar gawayi ta Cirozerin ya ce zai ɗauki nauyin gyara, ni na karɓi ragamar, don a ganina babu wanda ya kai ni sanin zamani.

Kaka ba ta so. Ta ce ita dai a yi yaɓe ɗaki ɗaki yadda aka saba, kuma burinta ɗaya ne a duniya, ta cika a ɗakin da aka kawo ta tana amarya. Na ce mata ko mutuwar ma sai ta yi tuntuɓe kafin ta same ta a wannan duhu. Ta yi dariya, ta kira ni uwar gaggawa wadda aka haifa ba a gama naƙuda ba. Da lallashi da tsiwa na kai ta Dabaga wurin ƙanwarta, na rantse mata za ta dawo kafin ruwan farko.

Ɗan kwangilar da na ɗauko ya tambaye ni ko a fara da ɗaki ɗaya. Na ce ba ni da lokacin wasan yara, a yaye rufin duka a sa kwano a wuce wurin. Tsofaffin azarorin goriba kuma na ce ya kwashe su tarkace ne, washegari masu gidan burodi suka saye su itace. Daga nan aiki ya fara ja. Yau babu siminti, gobe lebura ya tafi biki. Wata safiya na tarar da su suna shan shayi a shantiye, wato wurin aikin, gida a buɗe kamar kasko. Na wanke shi tas a gaban yaransa, na ce da shi da jakin ɗaukar yashi, jakin ya fi cika alkawari. Mutumin kuwa a haife ya haife ni. Sai kawai ya ce, na gode, ƴata. Kafin mako ya zagayo na ji ya kwashi yaransa sun bi mota zuwa Jado neman zinariya, wayarsa a kashe.

Na shiga neman wani magini, amma duk mai ƙarfi ya tafi daji, waɗanda suka rage kuma sun ji labarin bakina. Na nemi azara a mayar da rufin yadda yake, aka ce goriba ba a saranta yanzu, irin waɗancan kuwa ko da kuɗi ba a samu. Duk lokacin da Kaka ta sa aka kira ni, sai in ce aiki ya kusa. Takan tambaya ko an taɓa alkukin da take ajiye fitila, in ce yana nan lafiya.

Ruwan Agadas ba ya sallama. Da la'asar hadari ya taso daga duwatsu, ni da maƙwabta muka shimfiɗa ledoji da tabarmi a kan katangu, iska ta yi gaba da su. Ina tsaye a tsakar gida ina kallon bangon ɗakinta yana narkewa kamar fura a ruwa, har ya zauna. Ban gaya mata ba. Masu kawo albasa daga Dabaga ne suka kai mata labari. Ta biyo motarsu ta zo, ta tsaya a kan tudun laka, ta daɗe tana dubawa. Na so ta zage ni, wallahi na so. Sai ta tambaye ni ko na ci abinci, sannan ta ce a mayar da ita kada dare ya yi. Bayan Sallar Layya ta rasu a Dabaga, a ɗakin aro.

Yau gidan ya tashi da bulo da kwano, mai zafi kamar tanda, kuma ban iya kwana a ɓangarenta. Na daɗe ina ɗora laifin a kan ɗan kwangila, kuma yana da nasa, amma ni na ce a yaye, ni na kore shi da harshena. Ƴan'uwana mata masu ɗokin gyaran gida, kada ku buɗe rufi sai na maye gurbinsa yana ajiye a ƙofa, kada ku ci mutuncin mai aiki gidanku na hannunsa. In kuma tsohuwa ta ce a bar mata ɗakinta, ku bar mata. Gini yana jira, ita ba ta jira. Wanda ya karanta wannan ya sa kakata a addu'a.