Mai Sharar Da Ta Koya Wa Yara Numfashi

Mu na Allah ne, kuma wurinSa kowa zai koma. Da hantsin Laraba, takwas ga watan Janairu, ina tsaka da rabon magani aka kira ni a waya, aka ce Allah Ya yi miki rasuwa, Iya. Shekara ashirin da biyu kina share ɗakin yara na asibitinmu. Sha huɗu daga ciki ni ce shugabar ma'aikatan jinya, kuma rabin wannan lokaci faɗa nake yi miki.

Laifinki ɗaya ne. Da sanyi ya shigo, gadaje suka cika da masu tari da ciwon ƙirji, sai ki jingine tsintsiya bayan isha'i, ki ja kujerar roba tsakiyar ɗaki, ki fara wa yara tatsuniya kafin su yi barci. Tatsuniyoyin kuma duk na sanyi ne: bushiyar da ta je aron bargo kowa ya hana ta saboda ƙaya, tsoho Sanyi da ke bi gida-gida neman masauki, akuyar da ta cinye hular mai gadi. Na sha ce miki, "Iya, nan fa asibiti ne." Sai ki ce, "To, Sista, na ji." Washegari ki sake. Hali zanen dutse ne.

Shekara bakwai da suka wuce, a wani sanyi da ko ruwan famfo ba ya taɓuwa, aka kawo mana yarinya 'yar shekara huɗu, uwarta na kiranta Auta. Ƙirjinta na kuka kamar tsohuwar ƙofa. Maganinta na tururi ne, sai an rufe mata hanci da baki da abin shaƙa. Ita kuwa da ta hango shi sai ta fasa kuka, kukan ya ƙara toshe mata numfashi. Mu uku muka danne ta, ta fizge. Leɓunanta suka fara duhu. Likita ya ce in ba ta shaƙa ba cikin rabin awa, sai an kai ta ɗakin masu jinya mai tsanani, kuma a ranar babu gado ko ɗaya a can.

Sai ga ki da bokitinki. Na ce, "Iya, don Allah ba yanzu ba." Ko kallona ba ki yi ba. Kika ɗauki abin shaƙar, kika rufe shi da tafukanki, kika durƙusa gaban Auta.

"Kin san abin da na tsinta a bakin taga? Ƙwan tsuntsuwa ne. Uwarsa ta tafi neman mayafi, sanyi zai kashe shi. Ni na tsufa, numfashina ya huce. Ko za ki ɗan hura masa, 'yar nan?"

Auta ta tsagaita kuka. Ta leƙa, sannan ta kai bakinta da kanta.

"A hankali, kar ya fashe," kika ce. "Ja, ki hura. Yauwa, ja, ki hura."

Kina ba ta labarin yadda tsuntsuwa ke bi shago-shago ana korarta, ni kuma idona na kan na'urar da ke auna iskar jikinta, lambobi na hawa ɗaya bayan ɗaya. Kafin tsuntsuwa ta dawo da mayafinta, magani ya ƙare, yarinya ta yi barci da abin a fuskarta. Likita ya juya baya wai yana goge tabarau. Ni kam kuka na yi, ba zan ɓoye ba.

Tun daga ranar ba mu sake danne yaro saboda abin shaƙa ba. Kowace sabuwar ma'aikaciya sai ta zauna gabanki ta koyi ƙwan tsuntsuwa, har masu digiri. Ni da nake hanawa, ni ce na sa aka kawo miki kujera mai majingina. Amma girman kai ya hana ni ce miki na yi kuskure. Yau na faɗa kowa ya ji: ke ce da gaskiya, Iya, kuma kin fi ni sanin yara.

Jiya na je gaisuwa gidanku. Ina hawa na uku na benenku, riƙe da bango ina haki, wata yarinya ta wuce ni a guje tana tsallake matakala biyu-biyu. Uwarta ta cim mini ta ce, "Sista, ba ki gane ta ba? Auta ce." Yarinyar ta kai hawa na huɗu, ta juyo tana jiranmu, ko haki ba ta yi.

Ina miƙa ta'aziyya ga 'ya'yanki uku, da ƙanwarki da ta yi jinyarki, da jikokinki. Allah Ya ba su haƙuri. Allah Ya jiƙanki, Ya gafarta miki, Ya sa Aljanna ce makomarki. Yadda kika buɗe wa 'ya'yan mutane ƙirji, Allah Ya yalwata miki kabarinki. Amin.