Ɗana ya je taron matasa, ya ƙare a faskare

Mu Kirista a ƙauyenmu, can bayan Basirka, ba mu fi gida biyar ba, kuma kakanmu ɗaya. Duk yarinyar da ke zuwa majami'armu ƙanwar ɗana ce ta wata hanya. To wa zai aura? Gemu ya cika masa fuska, sa'o'insa Musulmi har sun fara kai yara makaranta. Ɗan yayana da ya gaji da jira ya musulunta, ya auri 'yar maƙwabta. Muna gaisawa, ba faɗa, amma kujerarsa a majami'a ba kowa. Ni ɗa namiji ɗaya Allah ya bar mini.

Da mai bishara ya sanar cewa za a yi taron matasa a Birnin Kudu, daga ikkilisiyoyi da yawa, maza da mata, a kwana ana addu'a da nazari da waƙa, ni ban ji addu'a ba. Mata na ji. Allah ya gafarta mini.

Masu shirya taron hutun makaranta suka duba, ba su duba gona ba. Tsakiyar damina ce, ciyawa ta kama dawa. Ɗana ya ce, "Baba, wa zai yi maka noman?"

Na ce, "Noman da na tura ka ya fi wannan. Tafi."

Uwarsa ta wanke masa kaya, na aro masa takalmi.

Na kasa haƙuri. Kafin a tashi taron na ciro ɗanyar masara na cika buhu, na ce gudummawa zan kai. Na hau acaɓa zuwa bakin titi, na shiga mota.

Na tarar da su ƙungiya-ƙungiya a ƙarƙashin itatuwa, kowa da Littafi Mai Tsarki a cinya. 'Yan mata tsaf-tsaf, Hausa rabi Turanci rabi. Na duba, na sake dubawa, babu ɗana. Sai na ji ƙarar gatari a bayan madafa. Shi ne, ya tuɓe riga, ya ajiye takalmin aro a kan dutse, yana faskare. Matan zumuntar majami'a masu girki suna ta sa masa albarka.

Na ce, "Kai! Itace ya ƙare a garinmu ne?"

Bai ɗago ba. Ya ce, "Zagayawa ake yi, Baba. Kowa ya karanta aya da ƙarfi. Da aka zo kaina na tsaya ina haɗa baƙi. Ba wanda ya yi dariya. Wata ma ta ce in bi a hankali, ta ƙarasa mini. Da dariyar suka yi da ya fi."

Tun ranar farko ke nan ya koma faskare. Ni na cire shi daga firamare don ba ni da mai taya ni gona, kuma da za a koma baya ban san abin da zan yi daban ba.

Na nemi matar faston da ke kula da 'yan matan. Na cire hula. Na ce, "Mama, ga ɗana can. Ba ya sha, ba ya yawo, yana da gona da shanun huɗa. A cikin yaran nan babu ko ɗaya?"

Ta yi dariya, ta ce, "Baba, ka ɗauka kasuwar Gwaram ka zo? Ko in ɗaure maka ɗaya a bayan acaɓa?"

Na ce, "In za ta ɗauru, ɗaure."

Da ta ga ba wasa nake ba, ta daina dariya. Ta ce, "Yaran nan karatu suke. Wadda ta ga wutar lantarki, in ce mata ta koma daka a ƙauye? Iyayenta ma ba za su saurare ni ba. Mu sa a addu'a."

Na ce, "Mama, addu'ar nan tun yana goye muke yin ta."

A wajen rufe taro suka riƙe hannun juna suna waƙar cewa su jiki ɗaya ne. Waƙar ta yi daɗi, ban ce ba ta yi ba. Ɗana yana can baya yana kwashe toka.

Muna jiran mota a tasha ya ce, "Baba, akwai 'yar mai injin niƙa na garinmu. Ta san ban iya karatu ba, ba ta damu ba. Mahaifinta ya ce ƙofa a buɗe take, in dai na yi abin da ɗan baffa ya yi."

Ban yi faɗa ba, ƙarfin ba shi nan. Na riƙe hannunsa a gaban mutane na ce, "Ka ba ni zuwa kaka mai zuwa. In ban samo maka ba, ba zan tsine maka ba."

Ya kalli titi, ya ce, "Na ba ka."

Tun daga nan duk Lahadi ba na sujada a gida. Inda duk na ji akwai Kirista, ko gida biyu ne, can nake zuwa. Na je wajen Kiyako, na je Unguwar Ya, na leƙa har ƙasar Bauchi. In an tashi sai in tsaya a bakin ƙofa ina gaida iyaye, ina tambayar wa ke da 'ya. Wasu sun fara kauce mini. Gero ya riga ya fara fitar da kai.