Walƙiyar da Mama Kaɗai ke Gani

A ƙauyenmu, kusa da Zonkwa, idan aka haƙe citta aka tsaga, a kan dutse ake shanya ta, kuma ba abin da ke lalata ta kamar ruwan sama. Shi ya sa in Mama ta ce a kwashe shanya, ba mai tsayawa tambaya. Amma a shekarar nan rani ya riga ya shiga, sama fes, ta fara ƙwala kira.

"Ku kwashe citta! Na gani walƙiya, ruwa yana zuwa!"

Ƙannena suka kwashe, suka sake kwashewa, daga nan suka mai da abin wasa. Har matan zumuntar coci na tsokanarta, wai ta zama annabiya. Da na zo hutun Kirsimeti daga Kafanchan, inda nake koyarwa, da dariya aka ba ni labari. Ni ban ga abin dariya ba, don na lura kullum hagu take waiwayawa. Na ja ta gefe na matsa mata, sai ta ce ai har wasu baƙaƙen ƙudaje na yawo a idon, kuma kwanan nan kamar an sako labule daga sama. Na ce gobe sai asibiti, ta ce sai citta ta bushe. Muka yi ta sa-in-sa har raina ya ɓaci, ita kuwa ko gezau.

Sai bayan sabuwar shekara muka je asibitin ido a Jos. Likita ya ɗiga mata magani, ya haska, ya daɗe yana dubawa. Ya ce a can bayan ido akwai tantani siriri kamar ɓawon albasa, ƙwayoyin jijiya jere a cikinsa hawa-hawa. In haske ya faɗa musu, sai su mai da shi ɗan lantarki, su yi ta miƙa wa juna har ƙwaƙwalwa. Ba su san wani saƙo ba sai haske, don haka ko fizgar su aka yi, haske za su aika. Walƙiyar Mama, tantanin ne yake yagewa.

"Ka ji, ko? Ashe ban yi ƙarya ba," in ji Mama, har da murmushinta. "To likita, yaushe za ka ɗinke shi?"

Ni ya kalla, ba ita ba. Ya ce tantanin hagu ya daɗe da ɓallewa daga inda yake samun abinci, yawancin ƙwayoyin sun mutu. Na dama za a yi ƙoƙarin tsarewa. Na ji haushin kowa, har da ita, na rasa wanda zan yi wa faɗa.

A mota muna dawowa ina zaune ta hagunta. Ta sa tafin hannu ta rufe idon dama, ta juyo wajena, ta daɗe a haka.

"Kana nan?"

"Ina nan, Mama."

Ta sauke hannun a hankali ta gyara ɗankwali.

"Daga yau ka riƙa zama ta hannun dama na."