Waken da ya tsiro cikin akwati

Ko tsufa ya kwashe mini komai, ba zai kwashe ranar da ƙanwata ta ba akuya irin waken kakarmu ba.

Lokacin an fara koyar da yara da talabijin a wasu lakkol, wato makarantun boko, aka kuwa kawo ɗaya ajin su ƙanwata, can wajen Dogon Dutsi. Yarinya ce mai kaifin kai, ga taurin kai kuma. Duk abin da akwatin nan ya nuna, a wurinta ya zauna.

Mun fito daga shekarar fari. Waken da ya rage mana kaf shi ne wanda kaka ta ɓoye cikin gora da toka, tana jiran ruwan shuka. Ko yunwa ba ta sa ta taɓa shi ba.

Rannan na dawo daga gona sai na ji salatin kaka. Ga gora a kife, ga akuya tana lashe baki, ga ƙanwata tsaye ko gezau.

"Ɗiyar nan, mi kika yi mini?" in ji kaka.

"Kaka, wakenki matacce na. Na bizne kaɗan, na zuba ruwa, na zamna ina kallo har rana ta yi tsaka, bai hito ba, sai na ba akuya sauran. Na talabijin ɗin lakkol kau nan take shi ka tsira, har da ganye."

Hannuna ya riga ya tashi, sai na sauke shi. Yarinyar nan ba ɓarna ta yi niyya ba. Gwadawa ta yi, ta yanke hukunci daidai da abin da idonta ya gani. Na durƙusa na gaya mata cewa kwanaki da yawa aka yi ana ɗaukar hoton, sannan aka haɗe shi ya wuce da sauri.

Ta dube ni, hawaye suka zubo. "To don mi ba su ce ba?"

Muka tsince abin da akuya ta bari, bai cika tafin hannu ba. Shekarar nan ba mu ci wake ba.

Tun daga ranar na san yaro ba ya raba abin da aka nuna masa da gaskiya, sai babba ya zauna kusa ya raba masa. Shi ya sa in jikokina suna kallo nake tambayarsu me suka gane, tun kafin su tashi su gwada.